Oga Ya Yi Tsami

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Na rubuto ne don numfashi ba ya barina in yi dogon zance a waya.

Kin ji an kwantar da ni a asibiti. Gudawa da amai ne kawai, ina shan maganin sugana ina zuwa gareji, sai uwar yara ta tayar da hankalin kowa. Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yata ta fari ba, ga tabarau kamar fitilar babur. Ta ɗebi jinina, ta dawo ta ce tsami ya taru a ciki. Laktet ne sunansa, wai na mai lafiya ba ya wuce biyu, nawa ya haura goma. Na yi dariya har na sarƙe. Yaya, ni za a koya wa tsamin jiki? Tun ina yaron kanikawa ina saɓa batir a kafaɗa nake kwana da shi, gari ya waye ya sake ni.

Ta ce wannan ba na gaɓoɓi ba ne, na jini ne. Wai gudawar ta busar da ni, ƙoda ta gaza, maganin ya taru, jiki yana ƙona suga rabi-rabi, ragowar ta zama tsami. Ko wannan hucin da nake yi kamar zugazugi, wai jiki ne ke ƙoƙarin rage shi.

So take a ɗora ni a injin wankin ƙoda. Na ce a kai kasuwa. Ni ba tsumma ba ne. Da sifana ɗaya ta aro na kafa garejin nan, ba injin da zai ɗauke ni, ni nake ɗaukar inji.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Mai Gareji

Yayata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Saƙonki ya iso. Kin ce taurin kaina ne zai kai ni kabari. Shi ya kawo ni inda nake, Yaya.

Yau mai walda na layinmu ya leƙo dubiya, ya kawo mini abin da ya fi ciwon ciwo. Wai babban ɗana, wanda kike goyawa kina cewa ba ya laifi, ya hau kujerata ta gindin bishiya. Duk direban da ya tambaye ni sai ya ce jinin Baba ya yi tsami. Kin san bakin mutane, ya yar da jinin a hanya. Yanzu layin gaba ɗaya cewa ake Oga ya yi tsami, kamar madarar da ta kwana a buɗe. Har yaron ya kira mai fenti ya auna allon ƙofa mai ɗauke da sunana. Ina da rai, ina numfashin da ake ji daga baranda!

Ina cikin wannan takaici sai ga 'yar tabarau. Ta ce ƙarin ruwan da aka yi mini bai wadatar ba, tsamin ƙaruwa yake, zuciyata ba za ta jure wata ranar a haka ba. Ba ta roƙe ni ba. Tambayata ta yi, wai me nake ce wa direban da baƙin mansa ya ƙone ya ƙi a juye masa. Na juya fuska bango. Yarinyar nan ba ta da ta-ido. Jaki nake ce masa, kin sani.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoro. Amma in na mutu a gadon nan, maganar layi ta tabbata, allon kuma ya sauka. Na ce su kawo injin nasu in ga ƙirarsa.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki daina kukan da aka ce kina yi.

An yi. A wuya suka sa mini bututun. Uwar yara ta samu abin tsokana, wai shekara talatin tana jira ta ga ranar da zan miƙa wuya. Na ce mata aro na ba su, kuma zan karɓi abina.

Na kwanta ina kallon jinina yana fita ja, yana dawowa ja. Injin yana da wani ɗan ƙara da ban yarda da shi ba, na gaya musu, suka yi dariya. Tsamin ya sauko zuwa biyu da ɗan wani abu, hucin ya tsaya. Likita ta ce ƙodar ta fara motsi, wataƙila ba sai an daɗe ana wanki ba, amma ni da wancan maganin sugan mun rabu. Na ce in ta sayi mota, juyen baƙin manta a wuyana yake. Ɗaya ɓangaren wuyan.

Ɗan nan nawa ya zo jiya, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula. Wai riƙe mini kujerar yake. Na ce ya kyauta, yanzu ya sake ta. Ke yake jin maganarki, don haka ki ƙara masa: ya sallami mai fenti, ya goge kujera, ya zaga layin nan da ƙafarsa, shago-shago, ya gyara abin da ya ɓata. Madara ake zubarwa in ta yi tsami. Inji juye ake masa, a murza makulli.

Ki huta lafiya.

Autanki,
Mai Gareji, har gobe