Kaset ɗin Rabon Fadamar Surko

Da sunan Allah. Ni Sada ɗan Abdulsalami, mai juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa waya a bakin kasuwar Gwaram, ina cikin hankalina nake rubuta wannan. Ƙoda ce ta gaza, ba kai ba. Duk wanda ya ce zafin ciwo ne ke magana, ƙarya yake.

Yunusa, Jannat, yau ko baƙi ba ku sani ba. Uwarku Hawwa za ta adana muku wannan wasiyya har ku iya karatu. Ni ba wanda ya zaunar da ni a aji, a jikin kwalin kaset na koyi karatu, don haka ba ku da uzuri.

Na ɗaya. Kaset ɗin mutane da ke shago, na biki da na suna da na sauka, a mayar wa masu su. Na'urar bidiyo ta Elvis ce, mai gyara a Birnin Kudu, aro ya ba ni. Kwamfuta taku ce, kada a sayar.

Na biyu. Kaset mai jan zare a ɗaure shi ne na ranar da kakana ya raba wa 'ya'yansa biyu gonaki a Surko, shekarar da aka ba mu jiha. A ciki ɗayansu ya ce ya bar wa ɗan'uwansa fadamar. Wani sakarai, wato ni, ya juye shi da gaggawa, ya watsa a wayoyi, bai kula cewa zaren cikin kaset ɗin ya miƙe ba. Da farko murya da baki suna tare, can gaba baki ya motsa, magana ta iso daga baya. Sai maganar ta sauka a leɓen babana. Da wannan 'ya'yan Bappa, ƙanensa, suke kafa hujja, har Buba babbansu ya daina amsa sallamata. Dattawan da suka halarta kuwa duk sun rasu, har da babana da Bappa.

Ga yadda ake gyara. Kada ku ja sautin gaba ɗaya, ratar ƙaruwa take. Ku yanka shi guntu-guntu. A bayan taron akwai mace tana daka, kakarku Hapsatu ce. Duk inda taɓarya ta sauka a turmi, ku ɗora ƙarar a kai. Haka na bi har na kusa wurin maganar fadamar, sai mai ɗaukar bidiyon, Allah Ya yafe masa, ya kawar da kyamara daga turmin daidai lokacin. Muryar Baba da ta Bappa kuwa iri ɗaya ce, ko ni ba na rarrabewa. Nan na tsaya. Yanzu yatsuna sun kumbura, ko alƙalamin nan da ƙyar nake riƙewa.

Na uku. Ban san wa ya faɗa ba, wallahi ban sani ba. Na zagi Buba a tsakiyar kasuwa, kuma har yanzu raina bai huce ba, amma fushin nawa ne, ban bar muku shi a gado ba. Ranar da kuka kammala gyaran, ku kira shi ku kalla tare. In daga bakin babana ta fito, ku sakar musu fadamar a ranar. In gyaran ya gagara, ku noma ta tare.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, kuma ku riƙa zuwa gidan Bappa ko ba a gayyace ku ba.