Tumbin da Inna Take Alfahari da Shi

Yaya,

Ina gaishe ki da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan alhamdu lillahi, sai gajiyar tuƙi. Awa goma nake yi a kujerar bas, abinci ma a kan cinya nake ci.

Mun je asibiti kan maganar haihuwa. Ni rakiya kawai na yi wa matata, har jaka nake riƙe mata. Da aka gama gwada mu, likita ta ce matata lafiyarta lau, ni ne zan hau sikeli. Wai ƙiba tana iya raunana ƙwayoyin haihuwar namiji, sai na sauke kilo sha biyar a sake dubawa. Yanzu duk hutun rana sai na zagaya tasha da ƙafa sau shida, direbobi suna tambayata ko mukulli na yar. Ba komai, ina lallaɓawa.

Roƙona biyu ne. Hoton nan da Inna take nuna wa maƙwabta, wai ɗanta ya ajiye tumbi ya ji daɗi, ki yi dabara ki ɓoye shi. Sannan ki gaya wa Inna ta daina kiran matata tana tambayar ko akwai labari. Shekara huɗu baiwar Allah tana amsa tambayar da ba tata ba. Ni za a kira.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki