Idon Hidaya

Lahadi, 6 ga Agusta 2023
Alhamdu lillahi! An fito da jikata Hidaya daga kwalba. Bakwaini ce, ko nauyin kaza ba ta kai ba. 'Yata Tsahara ta kawo ta nan Jiratawa, wankan jego. Na ce: amarya, kin iso?

Laraba, 9 ga Agusta
An ba su randebu, wato ranar ganin likita, gobe a Maraɗi, duban ido. Matata Hajiya ta hana. Wai mai jego ba ta fita kafin arba'in, iska za ta shige ta. "Ido garau kamar na ɗan akuya, Malam, mi za a duba?" Ni ma garau na gan shi. Amma me ya sa likita ta nanata?

Alhamis, 10 ga Agusta
Na sa su a mota. Hajiya ba ta amsa sallamata ba.
An buɗe idon da wani ɗan ƙarfe. Kukan nan! Likita ta ce ciwon a can bayan ido yake, ba a ganinsa daga waje. Jijiyoyin jini ba su gama tsirowa ba aka haife ta. Na ce kamar kanal na ban ruwa da bai kai ƙarshen gona ba? Ta ce haka ne. Mataki biyar ne, na biyar makanta. Hidaya tana na biyu, yana iya warkewa da kansa.

Alhamis, 17 ga Agusta
Ya kai mataki na uku. Jijiyoyin sun kumbura. Sai an ƙona wurin da hasken leza, cikin kwanakin nan. Kano ta fi kusa, iyaka a rufe tun juyin mulki. Sai Yamai.

Juma'a, 18 ga Agusta
Ban iya cin komai ba. Hajiya ta ɗaure kayanta, ta riga kowa shiga kar, motar Yamai.

Litinin, 21 ga Agusta
An yi. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke ana shirin farawa, sai da aka tada inji. Sun ce a jira.

Asabar, 23 ga Satumba
Likita ta ce jijiyoyin sun kwanta, wataƙila ta sa gilashi nan gaba. Ban yarda ba tukuna. Amma yau na wuni a gonar albasa, sai da na dawo na tuna ban ɗaga fatar idonta da safe na duba ba kamar yadda na saba. Tana barci. Na ƙyale ta.