Wutsiyar Ragon Masar

Funtuwa.

Zuwa ga Malam Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, Malam ya jiki, ya baƙunta? Ina fata likitocin Alƙahira sun duba idon. A gaishe min da 'yarka Ilham da maigidanta, Allah ya saka musu da alheri kan ɗawainiyarka.

Ajinka na kimiyyar dabbobi yana hannuna, ina lallaɓawa. Yaran ƙungiyar kiwo ne suka hana ni sakat. Gasar tantance raguna tana nan bayan Babbar Sallah, kuma sun ce ba su san wani alƙali ba sai kai. Munkaila har yana kwaikwayon yadda kake ɗage gira idan an kawo maka rago mai tumbi. Yaushe za mu sa rai?

Ɗalibarka,
Fatu

*

Hayyin Ashir, Alƙahira.

'Yata Fatu,

Wa alaikumus salam. Ilham ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don haka in kin ga kuskure nata ne.

Ba zan ɓoye miki ba. Likita ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish ya Hajj, khalas," wato sai haƙuri, ba abin da za a iya yi. Hawan jinin ido ne, na hagu ya tafi, na dama kuma dishi-dishi. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da muka shiga mota.

Tun kina ƙaramar ɗaliba nake koya muku ku tsaya nesa ku dubi tsayuwar dabba kafin komai. Yanzu ko raƙumi aka tsayar min ba zan gane ba. Ki nemi wani alƙalin, ko ki hau kujerar da kanki, kin isa. Ki faɗa wa yara gaskiya. Ina kewarsu ƙwarai, amma aikina ya ƙare.

Malaminki,
Badamasi

(Yaya Fatu, ni ce Ilham. Baba ko falo ba ya fitowa. Ki sa shi a addu'a.)

*

'Yata Fatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru ba amsa, ko fushi kike da tsoho?

Bari ki ji abin dariya. Ɗalibanmu na gida da ke karatu a unguwar Darrasa sun haɗu sun saya wa surukina, shugaban ƙungiyarsu, ragon layya, suka ɗaure a saman benenmu. Ragunan nan ba kamar Balami da Udanmu ba ne, wutsiyarsu faffaɗa ce, jibgegiya kamar matashin kai. Wani sabon zuwa, Abdurrahim, ya rantse kumburi ne, aibi ne, layya ba ta inganta da shi. Gardama ta kaure da Larabci, kowa na jawo littafi. Can surukina ya shigo ya ce, "Baba, yalla, taso, kai kaɗai za ka raba mu."

Na ce ba na gani. Ya ce, "To ai mu muna gani, ga shi mun kasa."

Suka riƙe ni muka hau. Da na ɗora hannu a gadon bayan ragon nan, Fatu, sai na ji kamar an buɗe min ƙofa. Na bi haƙarƙari, na matsa ƙirji, na laluba ƙafafu. Wutsiyar kitse ce zalla, ba zafi, ba tauri, haka Allah ya yi su. Na sa yatsa a baki na ji manyan haƙora biyu, ya wuce shekara. Na kama hannun Abdurrahim na ɗora, na ce ya ji da kansa. Ya ce, "Tamam, Malam, wallahi laushi gare ta!" Kafin a sauko kowa ya taɓa, har da Tasneem, 'yar maƙwabtanmu 'yan Sudan, wadda ta fi su duka tambaya. Ranar na ci abinci sosai.

Ina jin kunyar tambaya, amma zan yi. Kujerar nan, kin riga kin ba wani? In kin bayar ba komai, ni na ce a bayar.

Malaminki,
Badamasi

*

Malam,

Assalamu alaikum. Ba fushi ba ne, na rasa abin da zan rubuta ne.

Na karanta wa yara wasiƙarka ta farko. Washegari na iske su a garke, kowa ya ɗaure idonsa da ƙyalle, suna laluben raguna. Suka ce in alƙali da hannu zai duba, su ma da hannu za su koya. Rago ya tunkuyi Munkaila ya faɗi, ya tashi bai kwance ƙyallen ba. Kullum haka suke yi har yau.

Ban ba kowa kujerar ba, Malam. Ka faɗa min ranar da jirginku zai sauka Kano, mu zo mu ɗauke ka.

'Yarka,
Fatu