Baƙon da Ya So Leƙa Rumbunmu

Ƙanena Sani,

Ina gaishe ka. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Yamai? Mu lafiya lau.

Wani mai hoto, Ilu, ya zo daga Yamai, wai a nan Dogarawa aka haife shi, yana ɗaukar wuraren da ya yi ƙuruciya. Na ji daɗi, har na gayyace shi lakwal, makarantarmu, ya koya wa ɗalibaina ɗaukar hoto ranar Litinin. Jiya sai ya roƙi Baba ya buɗe masa rumbunmu ya ɗauki hoton cikinsa. Baba ya ce, "Kai ɗan gidan wa ne, da za ka leƙa rumbun mutum?" Ilu ya yi dariya kawai, bai faɗi gidan ba.

Ka bincika mani shi kafin in damƙa masa 'ya'yan mutane. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hadiza.

Yayarka,
Rabi