Wuƙar da Ka Bar Mini

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da addu'a, ƙara na kawo maka, kuma da kaina zan fara.

Ka san Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu a Tudun Wada. Duk jajibirin Kirsimeti mijinta yakan janyo akuya ƙofar gidanmu, ka yi bisimilla ka yanka, don in an dafa mu ma mu ci. Da ka rasu wuƙar ta dawo hannuna, akuya kuma ba ta fasa zuwa ba.

Gusau ta canza, Baba. Ɗan siyasar da ko rijiya bai haƙa ba sai ya hau dandamali a Tsafe ko Bungudu ya ce jihar nan ta masu salla ce, sauran baƙi ne, a yi ta tafa masa. Matar da ta haifi 'ya'ya huɗu a garin nan, wai ita ce baƙuwa! Tsarin mulki ya ce gwamnati ba ta da addini, kowa ya bi abin da ya yi imani da shi, amma wa ya damu? Kai da ka tsufa a aikin gwamnati cewa kake yi: “Ni ban ga inda anka rubuta addini bisa hwayil ba.”

Bara wasu suka tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, wai ina taya kafirai biki, in zaɓi ɓangare. Da aka janyo akuya, sai na sa aka ce ba na nan. Ina ɗaki, Baba, ina jin kukanta.

Washegari kwano ya shigo kamar kowace shekara. Na buɗe, shinkafa da miya, babu ko tsoka ɗaya. Ashe Maman Rifkatu tukunya daban ta ɗora mana, don kada mu ci yankan da ba namu ba. Ita ta kiyaye mini addinina, ni na kasa fitowa ƙofar gida saboda ita. Har yau haushi nake ji, na waɗanda suka tare ni da na kaina.

Kirsimeti saura kwana uku. Jiya na wasa wuƙar, na aika a faɗa mata. Ta ce ta gode, amma bana ba su sayi akuya ba. Kaya suke ɗaurewa, za su koma Kafanchan, garin da 'ya'yanta ba su sani ba.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka kabarinka. Su kuma Allah ya sauke su lafiya, ya haɗa su da maƙwabcin da ya fi ni.

Ɗanka da ya ɓuya a ɗaki,
Bashir