Kun ce Inna ba uwata ba ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Biza,
Ofishin jakadancin ƙasar da Inna ke jinya, Dubai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, shekarata tara a unguwar Abu Hail, nan Dubai. Na gaji da aika saƙon da ba mai amsawa, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

1. Wata bakwai ke nan da na nemi bizar mako biyu don in dubo Inna, wadda ke kwance da ciwon ƙoda a ƙasarku, wurin 'yarta. Inda fom ya tambayi dangantakarmu, na rubuta "uwa". Jami'inku ya ga sunan wata mata daban a takardar haihuwata, ya ce ƙarya na yi, ya hana ni bizar. Ko kirana bai yi ba.

2. Da ya tambaya, da ya ji. Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ana yaye ɗan fari sai a ba wata ta riƙe. Inna yayar mahaifiyata ce. Ita ta goye ni, ita ta aurar da ni. Wadda ta haife ni har yau ba ta kama sunana don kunya, ni kuma Yaya nake ce mata. To wa zan rubuta? Fom ɗinku ba shi da gurbin riƙo.

3. Kun ce babu ɗaukaka ƙara, sai dai kotun ƙasarku ta duba hukuncin. Na ɗauki lauya ta waya. Ya ce alƙali ba ruwansa da wadda ta goye ni, abin da zai duba shi ne ko jami'in ya bi ƙa'ida. Ko na yi nasara ma, takarduna teburinku za su dawo. Har yau ba a sa rana ba, kotun kuma tana cikin ƙasar da aka hana ni shiga.

Wallahi na gaji. Roƙona biyu ne: ku goge kalmar ƙarya daga sunana, ku ba ni minti goma gaban mutum mai kunne. Ba sai kun jira alƙali ba.

Makon jiya likitan Inna ya ce a kira 'yan uwa na nesa. Idan amsarku ta makara, ku riƙe abarku, ba ni da abin zuwa yi a ƙasarku.

Allah ya bar maka taka mahaifiyar, ya sa kana kusa ranar da za ta neme ka.

Wassalam.

Ɗan Inna,
Abu Hail, Dubai.